Idan irin harin 20 ga Janairu ya maimaitu, wa ke riƙe da umarni a awar farko?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum. Duk wanda ya mallaki hankalinsa a Kano a 2012 bai manta Juma'ar 20 ga Janairu ba. Wajen ƙarfe biyar na yamma aka far wa hedikwatar 'yan sanda ta shiyya ta ɗaya, da hedikwatar jiha a Bompai, da ofishin SSS, da ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu ofisoshin 'yan sanda, kusan a lokaci guda. 'Yan sanda da bakinsu suka ce mutum 185 ne suka rasu. Tun daga nan an yi dokoki, an rubuta kundaye, an buɗe cibiyoyi.

Tambayata ga masu sanin harkar ita ce: Allah ya kiyaye, a ce irin wannan ya sake faɗa wa wani babban gari, wa ke ba da umarni? Gwamna ne, ko kwamishinan 'yan sanda, ko kwamandan birged, ko sai an ji daga Abuja? Kuma me ake fara yi, me ke biye? Ba sanarwar Allah wadai nake tambaya ba, wannan kowa ya haddace ta. Aikin kansa nake son ji.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam, Malam. A takarda amsar a fili take. Tsaron cikin gida aikin 'yan sanda ne, saboda haka kwamishinan jiha ke riƙe da ragama. Soja kuwa dafawa suke yi idan shugaban ƙasa ya kira su, kamar yadda sashe na 217 na tsarin mulki ya tanada. Gwamna ana yi masa kirari da babban jami'in tsaron jiha, amma sashe na 215 ya bar wa kwamishina ƙofar cewa a miƙa maganar sama kafin ya bi umarninsa. A Abuja, ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro ne ke haɗa kan hukumomi, kuma dokar ta'addanci ta 2022 ta kafa Cibiyar Yaƙi da Ta'addanci a ƙarƙashinsa. Akwai kundin dabarun yaƙi da ta'addanci na ƙasa, NACTEST, na 2014 da aka sabunta a 2016, wanda ɗaya daga rassansa biyar shiri ne domin ranar da hari ya riga ya auku.

To amma dubi abin da ya faru a Kano. Maharan ba kasuwa suka fara nufa ba, masu ba da umarnin suka nufa. Wanda ya kamata ya tura agaji shi ake harbi a ƙofar ofishinsa. Don haka abu na farko a kowane tsari na gaskiya shi ne ɗakin umarni na biyu, a wani gini dabam, da janaretonsa da taswirar gari da rediyon oba-oba a caje, sannan a rubuta tun yau wa zai karɓi umarni idan ba a sami kwamishina ba, wa zai karɓa idan shi ma mataimakin ba a same shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Umarnin hawa uku ne. A sama akwai wanda ke yanke manyan shawarwari, a nemo soja ko kada a nemo, a rufe gari ko a bar shi. Wannan ba ya zuwa wurin da abin ya faru, kujerarsa ita ce aikinsa. A tsakiya akwai kwamanda guda da ke kusa da wurin amma a wajen shinge, tare da wakilin soja, da na DSS (wato SSS), da na 'yan kwana-kwana, da na asibiti, da na SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, dukkansu a tsaye wuri ɗaya suna ganin fuskar juna. A ƙasa kuma masu riƙe da yanki-yanki: wannan ƙofar gabas, wancan titin baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne manya su kwaso jerin gwanon motoci su taho gani da ido, su toshe hanyar motocin asibiti, a kwashe jami'an da ke aiki a mai da su masu gadinsu.

Jami'in da ya fara isa, ko da kofur ne, shi ne kwamanda har sai wani ya karɓa da baki, an rubuta lokaci. Kuma aikinsa na farko ba ɗaukar masu rauni ba ne, duk da zuciya can take kai mutum. Saƙo zai aika: babban lamari ne, ga takamaiman wuri, fashewa ce ko harbi ko duka biyun, ga haɗarin da ya rage, ga hanyar da ta buɗe, ga kimanin yawan waɗanda abin ya shafa, ga waɗanda suka iso da waɗanda ake buƙata. Rabin minti ya ishe shi. In bai aika ba, kowace hukuma za ta taho a makance.

Sai shinge. Ma'aunin da 'yan sandan Ingila ke aiki da shi yana da sauƙin riƙewa: ƙaramin abu kamar jaka, a ja da mutane mita 100, mota ƙarama, mita 200, babbar mota, mita 400. Kada a danna oba-oba ko waya cikin mita 15 daga abin da ake zargi. Kuma a ɗauka akwai na biyu har sai jami'an kwance bam sun ce babu. A kasuwar Terminus ta Jos, 20 ga Mayun 2014, mota ta biyu ta tashi ne bayan ta farko da kimanin rabin awa, lokacin da jama'a suka taru suna ceto. A Kano ma, bayan ƙura ta lafa, 'yan sanda sun ce sun gano motoci goma ɗauke da bama-bamai da ba su tashi ba, da gwangwanaye ɗaruruwa. Shi ya sa wurin da motocin agaji za su taru, shi kansa sai an bincike shi kafin a cika shi.

Idan akwai 'yan bindiga a ciki suna kisa, lissafin ya sauya. Jiran zaratan Abuja asarar rai ne. A Mumbai, Nuwamban 2008, mutum goma suka riƙe birni kusan kwana uku, aka rasa rai 166, kuma rundunar musamman ta Indiya tana kusa da Delhi, sai da ta kwashe awanni tara zuwa goma kafin ta iso. Bayan nan ne suka kafa mata sansanoni a Mumbai da Chennai da Kolkata da Hyderabad. Kenya ta ɗanɗana irin wannan a jami'ar Garissa a 2015, inda aka kashe mutum 148 ana jiran rundunar da za ta taso daga Nairobi. Kafin nan, a kantin Westgate na Nairobi a 2013, 'yan sanda na musamman sun riga sun shiga, sai soja suka shigo ba tare da an miƙa umarni yadda ya kamata ba, aka yi harbin juna, aikin ya tsaya, abin mutum huɗu ya ɗauki kwana huɗu. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Da aka kai hari otal ɗin DusitD2 a 2019, sun gyara: umarni a hannu guda, aka fitar da fiye da mutum 700, aka gama cikin kwana ɗaya.

Abin da ke tsakanin Westgate da Dusit ba sabon kundi ba ne, atisaye ne na haɗin gwiwa. Difi'o da kwamandan bataliya da shugaban sashen gaggawa na asibiti, in ranar hari ce ranar da suka fara musayar lambar waya, an riga an makara. Ko Amurka ta faɗa wannan rami: ranar 11 ga Satumban 2001 rediyon 'yan sandan New York da na 'yan kwana-kwana ba sa jin juna, kuma 'yan kwana-kwana 343 suka mutu.

Maman Sadiya

Baban Khalifa ya yi maganar bindiga da shinge, bari in ɗauko ɓangaren da ake mantawa a taron tsaro. Da yawa daga waɗanda za a iya ceto jini ne ke kashe su, kuma cikin mintuna. Duk tsarin da bai faɗi wa zai tsai da jini a minti goma na farko ba, rabin tsari ne.

A garuruwanmu ba motar asibiti ke fara kwasar mutane ba. Masu a-daidaita-sahu ne, da 'yan kasuwa, da 'yan agajin masallaci, da 'yan Red Cross, da jami'an kiyaye haɗurra. Su ya kamata a koya wa abu uku. A danne rauni da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. In hannu ne ko ƙafa jini na tsartuwa, a ɗaure sama da raunin da kamar faɗin yatsu uku zuwa huɗu, ban da kan gaɓa, da ƙyalle mai faɗi irin rawani ko ɗankwali da aka ninka, a sa ɗan ice a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin a goshin mutum. Siririyar igiya ko waya yanka nama take yi ba ta tsai da jini. Kuma kada wani ya sassauta ɗaurin a hanya don mai rauni yana kuka da zafi. Awa biyu gaɓa na iya jurewa. Na uku, wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi ta gefe. Ba a ba mai rauni ruwa, komai roƙonsa, domin wataƙila tiyata zai shiga.

Tantancewa a wurin ba ta wuce minti ɗaya ga kowane mutum. A ɗaga murya a ce duk mai iya tafiya ya koma can. Waɗannan kore ne, za su iya jira. Cikin sauran, wanda numfashinsa ya haura 30 a minti, ko ba a jin bugun jini a wuyan hannunsa, ko ba ya iya bin umarni kamar "matse hannuna", ja ne, shi ne na farko. Wanda bai iya tafiya amma ya tsallake waɗannan ukun, rawaya. Wanda ba ya numfashi ko bayan an buɗe masa hanyar iska, a wuce shi. Wannan ita ce mafi ɗaci, amma tsayawa a kansa na nufin wani mai rai zai ƙare a gefe.

Ga inda asibiti ke rushewa. Masu ƙaramin rauni su ke fara isowa, domin da ƙafarsu suke zuwa, kuma duk asibiti mafi kusa suke nufa. Kafin masu mugun rauni su iso an cinye gadaje da hannuwa. A Kano, misali, tsari mai hankali zai raba tun kafin ranar: su wa za su Murtala, su wa za su Malam Aminu Kano, karaya ta wuce Dala, masu ƙananan raunuka a juya su ƙananan asibitoci da masu zaman kansu. Sai an sa mutum ɗaya a ɗakin umarni wanda ba shi da aiki sai ƙirga gado da ɗakin tiyata, yana gaya wa direbobi inda za su. Faransa ta yi haka daren harin 13 ga Nuwamban 2015 a Paris, ta tashi tsarin gaggawa na asibitoci, aka kira ma'aikata daga gida, aka rarraba masu rauni. A Manchester kuwa, 2017, tsoron ko akwai ɗan bindiga ya sa 'yan kwana-kwana ba su iso ba sai bayan awa biyu, kuma ma'aikatan motar asibiti uku kacal suka shiga zauren da bam ɗin ya tashi. Ƙasa mai kayan aiki kenan.

Ƙofar asibiti a rufe ta, a bar hanya ɗaya, a sa tsaro. Dangi a ware musu wuri da mai karanta musu sunaye, in ba haka ba za su cika ɗakin gaggawa. Asibitin kansa abin hari ne, an gani a Gwoza a Yunin 2024.

Jini kuma, mutanenmu ba su da rowar sa ranar masifa, layi za ka gani. Matsalar ita ce ledar da aka ɗiba yau sai an gwada ta, ƙanjamau da ciwon hanta iri biyu da tunjere, don haka wadda za ta ceci mutum a awar farko ita ce wadda ke cikin firji tun jiya, a sanyin digiri 2 zuwa 6. Firjin kuma sai da wuta, wutar sai da dizal. Rukunin O mai alamar ragi ƙaranci gare shi a nan, a adana shi domin yara mata da matan da ke shekarun haihuwa, maza a ba su O mai alamar ƙari. Masu ba da jini a rubuta sunansu a raba su kwanaki, tunda leda ba ta wuce sati biyar zuwa shida. Allurar tranexamic acid tana da arha, tana rage mutuwa daga zubar jini in an yi ta cikin awa uku. Bayan nan ba ta da amfani.

Abu biyu da ake yawan kuskurewa: raunin bam ba a ɗinke shi ranar farko, wankewa ake a cire mataccen nama a bar shi buɗe, a rufe bayan kwana huɗu ko biyar, in ba haka ba ya ruɓe. Kuma wanda ya tsaya kusa da fashewa, ko babu jini a jikinsa, a riƙe shi awanni ana duba numfashinsa, domin raunin huhu a hankali yake fitowa.

Batun "sai da takardar 'yan sanda" ko "sai an ajiye kuɗi" ma doka ta kashe shi: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, ta 2017 kuma ta wajabta kula da mai raunin harbi. Sai dai asibiti mai zaman kansa zai tambayi wa zai biya, kuma gwamnan da ya san aikinsa a awar farko yake sanar da cewa jiha ta ɗauka.

Ɗan Fagge

Allah ya saka da alheri, Hajiya, wannan na ɗaure jini ko a makarantun Islamiyya ya kamata a koyar. To ina matsayin dokar hana fita, da yanke sabis, da dokar ta-ɓaci? A 2012 daren nan aka sa hana fita ta awa 24. Wasu na cewa ita ta hana abin yaɗuwa, wasu na cewa wahala kawai ta ƙara.

Barista Na-Gwale

Malam Ɗan Fagge, ukun nan ba abu ɗaya ba ne, kuma haɗa su a baki shi ke sa a yi amfani da su kamar guduma.

Hana fita tana da amfani na gajeren lokaci: tituna su zama fayau domin jami'an kwance bam su bi motocin da aka yasar, mahara su rasa taron da za su saje a ciki, a kuma toshe ƙofar ramuwar gayya tsakanin unguwanni. Amma dole ta zo da keɓewa a rubuce tun sanarwar farko: ma'aikatan asibiti, masu ba da jini, motocin dizal da ruwa, mai naƙuda. In ba a faɗa wa na kan shingen bincike ba, zai mai da likitan tiyata gida. Kuma garin da yawancin mutanensa sai sun fita suke samun na cefane ba ya jure kulle fiye da kwana ɗaya ko biyu. Daga nan a mai da ita ta dare.

Dokar ta-ɓaci kuwa ta shugaban ƙasa ce, sashe na 305. Sai an buga ta a jaridar gwamnati, sannan kashi biyu cikin uku na kowace majalisa su amince cikin kwana biyu in suna zama, kwana goma in suna hutu, kuma wata shida take yi sai an sabunta. Jonathan ya sa ta a ƙananan hukumomi 15 ranar 31 ga Disambar 2011, bayan harin cocin Madalla. Kwana ashirin bayan nan aka kai harin Kano, wadda ba ta cikin jerin. Ya sake sa ta a Borno da Yobe da Adamawa ranar 14 ga Mayun 2013, kuma a ƙarƙashinta aka sace 'yan matan Chibok 276, a ƙarƙashinta Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram. A ganina, domin amsa hari guda, ba a buƙatarta. Abin da ake buƙata na kama mutum, da bincike, da toshe asusu, dokar 2022 ta riga ta bayar.

Inda ƙasa ke cin kanta shi ne kame. Bayan babban hari kowane kwamanda yana son ya nuna adadi, sai a zagaye unguwa a kwashe samari kan mai uwa da wabi. Illar uku ce. Masu bincike goma ba za su iya tantance mutum ɗari biyar ba, don haka mai laifin gaske yana ɓacewa cikin taron. Unguwar da aka kwashe 'ya'yanta ta daina ba da labari, alhali mai unguwa da mai gidan haya da mai sayar da taki su suka fi kowa sanin baƙon da ya sauka. Na uku, wurin tsarewar da ya cika ya zama abin hari: barikin Giwa a Maiduguri, 14 ga Maris 2014, gidan yarin Kuje, 5 ga Yulin 2022, inda fiye da fursuna 800 suka fice.

Tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. In ana son ƙarin lokaci a shari'ar ta'addanci, Babbar Kotun Tarayya ake zuwa a nemo izini. Wannan ba tausayin ɗan ta'adda ba ne, kare shari'ar ne. Dubi zaman kotun waɗanda ake zargi da Boko Haram da aka fara a Kainji a Oktoban 2017: mutane sun shekara da shekaru a tsare, da aka zo shari'a ɗaruruwa aka sallama don babu hujja, waɗanda aka ɗaure kuma akasari da amsa laifinsu aka dogara. Sojan da ya kama mutum a 2013 an yi masa canjin wuri sau uku, ba a rubuta inda aka kama shi ba, ba a san wa ya karɓi wayarsa ba. Lauyan gwamnati me zai riƙe? Shi ya sa tun ranar farko ake sa lauya daga ma'aikatar shari'a cikin ayarin bincike.

Kabiru Sokoto darasi ne ta fuska biyu. An kama shi a Janairun 2012 kan harin Madalla, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda, aka sake kama shi a Fabrairu, kuma a Disambar 2013 kotu ta yi masa ɗaurin rai da rai. Kuɓucewar tasa da harin Kano su suka ci kujerar Sufeto Janar Hafiz Ringim ranar 25 ga Janairu. Sauke shugaba yana kwantar da zuciyar jama'a, amma ba ya maye gurbin binciken da za a wallafa. Amurka ta wallafa rahoton kwamitinta kan harin 11 ga Satumba a 2004, Norway ta wallafa nata kan harin 2011 a 2012 har ya faɗi ƙarara cewa 'yan sanda na iya isa tsibirin Utoya, inda aka yi kisan, da wuri. Mu kuwa kwamiti ake kafawa, a miƙa rahoto gaban kyamara, shi kenan.

Baban Khalifa

Ranka ya daɗe Barista, ka tsallake yanke sabis, kuma nan ne na fi tsauri. A cikin gari, ranar hari, ban yarda da shi ba. Da waya ake kiran likitoci daga gida, da ita wanda ya ɓuya a bayan kanti ke faɗin inda maharan suke, da ita uwa ke jin ɗanta na raye ta fasa fitowa nema. Jami'an kansu da wayar suke aiki fiye da oba-oba. An yanke a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, aka kai hari makarantar Mamudo ta Yobe a watan Yuli, mutane suka koka cewa ba su da hanyar kiran agaji. An sake gwadawa a Zamfara a Satumban 2021. Mai ɗauke da makami yakan nemi wata hanya, talaka ne ba shi da ita. In dole ne, a kashe turakun yanki guda na awanni, bisa buƙatar masu kwance bam. Abin da ya fi shi amfani shi ne a tabbatar lambar kiran gaggawa ta 112 tana shiga, kuma a nemi kamfanonin waya su killace bayanan turakun wurin tun daren.

Hana acaɓa ma haka. Kano ta hana a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Ya rage harbi a kan babur, gaskiya ne, amma mataki ne na watanni da ke buƙatar tanadin abin da dubban matasa za su koma yi, ba na awar farko ba.

Yaya Asabe

Saura abu biyu, magana da gawa.

Baki ɗaya ne zai yi magana da sunan gwamnati, kuma cikin awa ɗaya, ko da abin da zai faɗa bai wuce "an kai hari a wuri kaza, ku kauce wa titi kaza, ga lambar neman dangi, za mu dawo ƙarfe kaza" ba. A faɗa da Hausa a gidajen rediyo, a tura wa limamai da fastoci da masu unguwanni, domin shirun gwamnati WhatsApp ke cike shi, da tsohon hoto daga wata ƙasa da sunan wata ƙabila. Kada a faɗi adadi sai na asibiti da mutuware, a ce "zuwa yanzu". Kada a yi albishir da abin da ba a gani ba. Bayan Chibok hedikwatar tsaro ta ce an kuɓutar da duka sai takwas, ta dawo ta janye. A Dapchi, 2018, gwamnatin Yobe ta ce an ceto wasu daga 'yan matan da aka sace, ta dawo ta ba da haƙuri. Daga ranar, ko gaskiya aka faɗa sai an yi tantama. A Sifen, 2004, gwamnati ta yi saurin ɗora harin jiragen ƙasa na Madrid kan ƙungiyar 'yan aware ta ETA, kwana uku bayan nan ta faɗi zaɓe. 'Yan jarida kuma a roƙe su kada su nuna motsin jami'ai kai tsaye. A Mumbai masu ba maharan umarni talabijin suke kallo suna gaya musu ta waya.

Wurin da abin ya faru kada a share shi, kada a wanke. Al'adarmu ta kawar da abin tashin hankali da wuri tana tafiya da hujja: lambar injin mota, guntun waya, layin da bai ƙone ba, kwanson harsashi. A raba wurin gida-gida da igiya, a ɗauki hoto kafin a taɓa komai, kowane abu da ledarsa da lambarsa da sunan wanda ya ɗauka. Na'urorin kyamarar shaguna da bankunan kusa a karɓo su a kwana na farko, da yawa suna goge kansu bayan 'yan kwanaki.

Gawa kuwa nan ake karo tsakanin gaggauta sutura da tantancewa, kuma ana iya haɗa su in an zauna da malamai tun kafin ranar. Gawar wanda bam ko harsashi ya kashe ba ta jawo annoba, don haka babu dalilin haƙa rami ɗaya a zuba. Kowace a ba ta lamba a abin da ruwa ba ya gogewa, a ɗauki hoton fuska da na duk jiki da na wata alama, a ɗauki zanen yatsu, kayan aljihu su bi lambar. Wadda dangi suka gane, a rubuta wanda ya karɓa a sallame shi ya je ya yi mata sutura. Mutuware ta cika, a nemo kwantena mai sanyi. Mai ƙafa 40 tana ɗaukar kimanin hamsin. In babu, a binne na wucin gadi: zurfin mita ɗaya da rabi, tazarar kusan rabin mita tsakanin gawa da gawa, nesa da rijiya da aƙalla mita 200, kowace da lambarta a jiki da kuma a saman kabari, a zana taswira a ajiye kwafi biyu. Matar da ba a tabbatar mata da mutuwar mijinta ba, ba ta san ranar fara takaba ba, gado ba ya rabuwa, banki ba ya sakin kuɗi.

Jana'izar kanta a sa mata tsaro, a binciki masu shiga, a rage taro. Ɗaya daga hare-haren Gwoza na 2024 a wurin jana'izar waɗanda aka kashe da farko ya tashi. Kuma shingen da aka sa kada a kwashe shi bayan sati: tashar Nyanya ta Abuja an kai mata hari 14 ga Afrilun 2014, aka koma kusa da wurin ranar 1 ga Mayu.

Maman Sadiya

Yaya Asabe, ƙari ɗaya kan lambar. A yi ta iri ɗaya daga wurin hari har asibiti har mutuware, kada kowace hukuma ta ba da tata. Mai raunin da ya iso a sume ba suna, lambar nan ce sunansa a kan ledar jini da takardar hoto da fayil, ba a canza ta ko bayan an san ko wane ne, sai dai a rubuta sunan a gefenta. Mutum biyu da aka rubuta wa "ba a sani ba" a gado kusa da kusa, nan ake ɗaura wa wani jinin wani.